Ɗinkin Sallah da zaman makoki: nazarin abin da ya faru a wani shagon tela a Fagge

Shagon yana cikin Fagge, taku kaɗan daga Kantin Kwari, inda galibin masu kawo masa ɗinki ke sayo yadi da shadda. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba: kekuna biyar, injin surfani, teburin yanka, sai janareto da ake ɗaurewa da sarƙa a bakin ƙofa. Ɗinkin maza ake yi, kaftani da jamfa da babbar riga. Mai shagon, wanda duk layin ke kira Baba, ya haura shekara talatin a sana'ar, kuma abin da ya fito da sunansa shi ne aikin hannu a wuyan babbar riga. Babban ɗansa yana aiki tare da shi, yaran shago na ce masa Yaya. Da waɗannan laƙabai zan ci gaba da kiran su, don iyalin ba su nemi a san su ba.

An ɗauki azumin 1445 ranar Litinin 11 ga Maris 2024. Ga telan Kano, watan azumi shi ne kaka. Tun Sha'aban ake jibge kaya, mai kaya ya ba da kafin alƙalami, a rubuta awonsa, a ce ya dawo kafin Sallah. Kuɗin kafin alƙalamin nan ba sa kwana a aljihu: zare, maɓalli, sitati, ladan masu bugu, buɗa-bakin yara, uwa uba man janareto. A waccan shekarar man ya fi komai ci. Tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 600, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Ke nan duk kayan da ke rataye a shago an riga an taɓa kuɗinsu, aikinsu kuma da saura. Haka kowane shago yake a irin wannan lokaci, ba Baba kaɗai ba, kuma tsarin yana tafiya lafiya muddin maigida na tsaye da ƙafafunsa.

Ranar Juma'a 19 ga azumi Baba ya yanke jiki ya faɗi bayan sahur. Dama yana fama da hawan jini. Kafin hantsi rai ya yi halinsa, aka yi masa sutura bayan an sauko daga masallaci. A wurin jana'iza ƙaninsa ya miƙe ya yi shelar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya nemi babban ɗansa. A yawancin jana'izu shelar nan mutum biyu ko uku take shafa. A wannan kuwa, sahun baya cike yake da masu kaya a shago. Saura kwana goma sha ɗaya ko sha biyu Sallah, gwargwadon ganin wata.

Kwana ukun makoki

Shagon ya zauna a rufe kwana uku, ba wanda ya ce uffan. Masu kaya sun zo ƙofar gida kamar kowa, sun zauna a tabarma, an yi "ya haƙuri", an yi "Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma". Ba wanda ya iya buɗe baki ya tambayi shaddarsa, abin kunya ne. Amma magidancin da ya yi watanni yana tari kafin ya sayi yadin 'ya'yansa huɗu ba zai daina tunanin yadin ba don ya shafa fatiha. Ƙullin farko ke nan a lamarin. Kunya ta rufe bakin masu kaya, kuma duk ranar da ta wuce cikin shirun nan tana rage musu damar kai kayansu wani wuri, tunda telolin Kano da yawa suna daina karɓar ɗinki tun kafin goman ƙarshe.

A cikin gida ra'ayi ya rabu. Baffa, ƙanin marigayin, ya ce a sa wa shago kwaɗo sai an raba gado. Hujjarsa mai ƙarfi ce: daga lokacin da Baba ya cika, kekuna da inji da kuɗin da ke durowa sun zama na magada duka, har da ƙananan da ba su mallaki hankalin kansu ba, Yaya ba shi da ikon juya su shi kaɗai. An sha ganin gidan da rigimarsa ta faro daga "wane ne ya ci gaba da buɗe shago". Umma, matar marigayin, ta aiko da magana guda daga ɗakin takaba: "Kayan mutane ne a wuyan mahaifinku. Ku sauke masa."

Limamin unguwa ne ya raba gardamar a daren uku. Ya ce yadin da mutum ya kawo ɗinki ba ya shiga gado ko kaɗan, amana ce, mai shi na nan da ransa. A mazhabar Malikiyya ma mai sana'a irin tela shi ke da lamunin kayan da aka danƙa masa in sun salwanta a hannunsa. Kafin alƙalamin aikin da ba a yi ba kuwa bashi ne, kuma bashi ana biyan sa kafin a zartar da wasiyya, kafin magada su ga ko kwabo. Ya kawo hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Aka tsaya a kan Yaya ya buɗe shago da yawun magada, a rubuta shige da fice na kuɗi, Baffa ya riƙa dubawa.

Littafin awo

Litinin da safe Yaya ya buɗe. Aikin farko shi ne gano kayan wa da wa ke ciki, kuma wannan sai ta littafin awon Baba. Wani ƙaton littafi ne mai baƙin bango, ya kumbura saboda ƙyallaye, don kowane shafi an soke masa ɗan guntun yadin mai shi da allura. Baba da ajami yake rubutu, lambobin awo ne kawai na boko. Kuma ba ya rubuta cikakken suna. "Alhaji na Ƙofar Mazugal." "Malam mai Vespa." "Yaran gidan mai ƙosai, uku." Lambar waya sai jefi-jefi, sauran suna cikin kansa ko cikin 'yar ƙaramar wayarsa. A gefen wasu shafuka akwai abin da ya wuce awo: "tumbi ya ƙaru, a saki inci biyu", "ba ya son aljihun gaba", "kar a karɓi ciko, marayu ne".

Yaya bai yi kuka a maƙabarta ba, bai yi a zaman makoki ba, shi ne babba, idon kowa na kansa. A kan littafin nan ya yi. Ya janyo ƙofar shago, ya zauna a kujerar Baba har azahar bai kira kowa ba. Safiya guda ta tafi a haka, a kwanakin da kowace sa'a ke da tsada. Mai lissafi zai ce asara ce. Ni ban ga haka ba, domin wanda ya fito bayan azahar ya iya ɗaukar waya ya yi magana da mutane muryarsa ba ta tsinke ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mu ne muka ɗora wa babban ɗa cewa dauriya ita ce bushewar ido.

Da yamma shi da yaran suka sauke komai suka ware. Waɗanda aka gama, saura guga ko maɓalli, ba su da matsala. Waɗanda Baba ya yanka bai haɗa ba dole a nan za a ƙarasa su, ba telan da ke son karɓar yankan wani. Damuwar tana ga tulin da almakashi bai taɓa ba, kuma shi ya fi yawa. Baba ne mai yanka. Yaya ya iya, amma saurinsa bai kai rabin na mahaifinsa ba. Ya ƙiyasta abin da hannunsa zai iya yankawa a rana, ya auna da kwanakin da suka rage, ya ga kusan kashi ɗaya cikin uku na tulin ba zai samu ba ko da ba a runtsa ba.

A nan ya yi abin da ya sa lamarin ya cancanci a rubuta shi. Bai jira masu kaya su zo ba. A daren nan bayan asham, da washegari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mai lamba ta waya, marar lamba a tura yaro gidansa. Maganar kusan iri ɗaya ce:

"Salamu alaikum, ɗan Baba tela ne. Mun gode da gaisuwa, Allah ya ba da lada. Kayanka suna nan lafiya, ba a yanka ba. Gaskiya ba zan iya yi maka alkawarin Sallah ba. In kana so ka zo ka karɓa tare da kuɗin da ka bayar, tun da sauran lokaci. In kuma za ka iya jira, sati biyu bayan Sallah za ka samu."

A lura da abin da babu a ciki. Babu "za mu ƙoƙarta". Bai nemi a tausaya masa ba, rasuwar ma a godiya kawai ta fito. Ya faɗi halin da kayan ke ciki, ya faɗi abin da ba zai iya ba, ya bar wa mai kaya zaɓi a lokacin da zaɓin ke da amfani. Gaskiyar da aka faɗa saura kwana takwas da wadda aka faɗa daren jajiberi ba ɗaya ba ne, ta biyun ba ta ɗinka wa kowa riga.

Wajen zaɓar waɗanda za a yi wa, ya sa kayan yara a gaba. Babba zai iya fito da tsohuwar rigarsa a wanke a buge, ya je Idi ba wanda ya sani. Yaro ɗan shekara bakwai da ya ga sa'o'insa cikin sabo ba ya jin wannan bayani. Zaɓin ya sa manyan kwastomomi masu biyan kuɗi da kauri su ne aka fi ba haƙuri, kuma Baffa bai ɓoye cewa bai so hakan ba.

Wani da ke aiki a Abuja, wanda ya aiko da kayansa ta mota, cewa ya yi tsohon zance ne, kowace Sallah sai tela ya kashe kakarsa. Sai da ya kira ɗan'uwansa a Kano ya tabbatar, sannan ya bugo yana ta ba da haƙuri. Ba na ganin laifinsa sosai. Sana'ar ce ta ja wa kanta: duk shekara akwai telan da ke kashe waya ya kulle shago ya ɓuya ranar jajiberi, akwai wanda magana ke kai shi har ofishin 'yan sanda. Ranar da mai gaskiya ya zo da uzurin gaske, bashin ƙaryar wasu yake biya.

Mayar da kafin alƙalami ya fi faɗa wuya, tunda kuɗin sun tafi a mai da zare. Abin da ke durowa bai kai ba. Umma ta fito da kwasar adashinta, aka rubuta rance ne ga dukiyar gado, za a mayar mata kafin rabo. Teloli biyu na layin, ɗayansu tsohon yaron Baba ne da ya yaye, suka zo suka ɗebi wani ɓangare na tulin don su ɗinka a shagunansu, da sanin masu kayan. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi (SAW) ya ce a dafa wa iyalinsa abinci, don abin da zai shagaltar da su ya same su. Kano ba ta wasa da wannan sunna, kwanukan buɗa-baki sun yi ta shiga gidan Baba. Abin da telolin nan suka yi irinsa ne, sai dai ya fi tuwo tsada, domin su ma a lokacin ba sa barci.

Babbar rigar Alhaji

Mafi wuyar duka ita ce babbar rigar wani Alhaji, ɗan kasuwa a Kwari, wanda ya yi shekara ashirin ba ya sa aikin kowa sai na Baba. Farar shadda ce gezna, aska takwas za a yi mata da hannu. Baba ya zana, ya ci fiye da rabi, allurar ma tana soke a inda ya tsaya. Aiki irin wannan makonni yake ci, kuma kowane mai yi da irin jan zarensa.

Ɗaya daga cikin yaran ya kawo shawara, da kyakkyawar niyya kuma ya kawo ta: a kai wa masu aikin hannu a cikin gari su ƙarasa da gaggawa, a buge, a ninke, a ce Baba ya gama kafin ya rasu. Alhaji zai ji daɗi, zai riƙe ta a matsayin aikin Baba na ƙarshe, a karɓi ciko mai kauri a lokacin da ake neman kuɗi ido rufe. Wa zai sani?

Yaya ya naɗe rigar ya tafi da ita Kwari da kansa. Ya tarar da Alhaji zaune a kan dilar atamfa a ƙofar shago, ya durƙusa ya gaishe shi, ya warware rigar.

"Ranka ya daɗe, ga inda Baba ya tsaya. Ni ban iya wannan aikin ba. In na kai wa wani zai ƙarasa, amma ba hannun Baba ba ne, kuma in ka duba za ka gane. Sallar ma ba lallai ta samu ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon wuyan rigar. "Yanzu kai ɗana, shekara nawa kana zaune kusa da bawan Allahn nan ba ka koya ba?"

"Laifina ne, Alhaji."

"To da me zan je Idi?"

"Akwai kaftanin da ka kawo tare da ita, shi zan gama maka jibi da yardar Allah. Rigar kuwa yadda ka ce haka za a yi."

Alhaji ya ce a bar masa rigarsa yadda take, da allurar. Kaftanin ma a dawo masa da shi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ba da ladan rabin aikin da aka yi ba. Ya yi wa Baba addu'a, ya juya ga mai sayen atamfa.

Wannan ɓangaren nake so masu koyar da dabarun kasuwanci su tsaya a kai, don sun cika ba da labarin da gaskiya ke dawowa da riba kafin a tashi daga taro. A nan ba ta dawo ba. Shagon ya rasa babban kwastomansa a makon da ya fi bukatar kuɗi. Tambayar Alhaji kuma ta tsaya wa Yaya a rai fiye da kuɗin, don ta fama masa miki: shekara da shekaru yana cewa bayan Sallah zai zauna ya koyi aikin hannu. A ganina Alhajin ma ba fushin riga kaɗai yake ba. Shi ma ya rasa abokin hulɗar shekara ashirin, bai sami inda zai sauke abin ba sai a kan yaron da ke durƙushe a gabansa. Duk da haka, da an bi shawarar yaron shago, an sayar wa mutum ƙarya da sunan mamacin da ake neman sauke wa nauyi, kuma Yaya ne zai riƙa ganin rigar a jikin Alhaji duk Juma'a.

Inda aka yi kure

Yaya ya iya cewa a'a ga masu fushi, ya kasa cewa a'a ga masu tausayi. Cikin waɗanda ya kira akwai waɗanda suka ƙi karɓar kayansu. "Haba ɗan Baba, ina zan kai? Ku yi min duk yadda ya samu." Wasu ma sabon yadi suka kawo, wai don marayu su sami na Sallah. Kunya ta hana shi mayar da hannun kyauta baya, ya karɓa, kuma da bakinsa ya ce za a ƙoƙarta, kalmar da ya guje wa kwana biyu da suka wuce. Lissafin da ya yi ranar Litinin ya rushe kafin Alhamis. Aka koma kwanan shago, daga asham zuwa sahur, ga zafin Afrilun Kano da ke haura digiri 40 da rana, ga azumi a baki.

Baƙin ciki da rashin barci in suka haɗu, hannu ne ke fara tona asiri. Aka yanka wando gajere. Aka sa wa jamfar wani maɓallin wani. A daren 27 ga azumi ƙaramin yaron shago ya bar dutsen guga a kan jamfar wani malamin makaranta har ta ƙone a ƙirji. Yaya ya rufe shi da faɗa, irin faɗan da bai taɓa yi ba. Yaron almajiri ne da Baba ya ɗauko tun yana ɗan ƙarami, a shagon yake kwana, Baba ke ciyar da shi, shi ya fara ɗora masa ƙafa a kan keke. Kwana ukun makoki shi ke shimfiɗa tabarmi da kwashe kwanuka, kuma cikin ɗaruruwan da suka zo gaisuwa ba wanda ya ce masa "ya haƙuri", tunda ba jininsa ba ne. Ya fashe da kuka ya ce, "Yaya, ni ma fa ubana ne."

Wannan kure ne da ake yawan yi a wurin sana'a. Ana lissafa masu makoki da dangantakar jini, a manta da waɗanda suka fi 'ya'yan cikinsa ganin mamacin a kullum. Daga daren nan Yaya ya sa doka: in an kira magariba a kashe janareto, a sha ruwa tare a rumfa, a yi wa Baba addu'a, sai bayan rabin sa'a a koma. Barci kuma aka raba shi, biyu su kwanta biyu su yi aiki. Jamfar da ta ƙone, da safe ya shiga Kwari ya nemo yadi mafi kusa da ita, ya kai wa malamin duka biyun ya gani kafin ya yanka. Launin bai zo daidai ba, ya faɗa masa haka. Malamin ya ce a yi.

Daren Litinin 8 ga Afrilu ba a ga wata ba, fadar Sarkin Musulmi ta sanar azumi zai cika talatin, Sallah sai Laraba 10 ga Afrilu. A layin teloli har da kabbara. Kwana ɗayan nan ya ceci kaya da dama, amma bai ceci duka ba. Mutum uku ba su sami nasu ba, kuma dukansu cikin masu tausayin nan ne. Ya kira su da safiyar Talata, ya mayar musu da kuɗinsu, ya ce zai ɗinka kyauta bayan Sallah. Matar ɗaya daga cikinsu ta karɓi wayar ta gaya masa abin da ya sauwaƙa, kuma da gaskiyarta.

A daren jajiberin wata dattijuwa ta zo karɓar kayan jikokinta. Ɗanta ya rasu bara, yaran na hannunta. Ta kwance bakin zaninta za ta ba da ciko, Yaya ya buɗe littafin ya nuna mata rubutun gefen shafi, ya karanta mata. Ta yi shiru, ta mayar da kuɗin, sannan ta ce, "Ɗan nan, Sallar farko ita ce mai wuya. Gobe kar ka zauna kai kaɗai, kar kuma ka bar mahaifiyarka ita kaɗai." Cikin duk masu gaisuwa ita kaɗai ta yi masa maganar gobe.

Ranar Sallah da bayanta

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta shimfiɗa. In aka ƙirga daga 19 ga Ramadan sai ƙarshen Muharram, wato Sallah ƙarama da babba duka a cikin takaba Umma za ta yi su, ba ƙunshi, ba kwalli, ba turare. Wasu cikin dangi suka so a haɗa da yaran, wai bai dace a ga 'ya'yan mamaci da sabbin kaya ba ko arba'in ba a yi ba. Liman ya ce makokin wanda ba matar mamacin ba kwana uku ne, a bar yara su yi Sallarsu. Sai dai kayan gidan tela su ake ɗinkawa ƙarshe. Yaya ya haɗa jamfar autansu bayan asuba, shi kuma ya je Idi da ta bara.

Bayan Idi ya ɗauki ƙannensa maza suka je maƙabarta, suka dawo suka wuni a ɗakin Umma. Ita ta sa aka yi tuwon Sallah yadda aka saba, aka kai wa maƙwabta da yaran shago, ta ce sadaka ce ga Baba. Masu shigowa sai su tsaya a bakin ƙofa suna laluben da wacce za su fara, "barka da Sallah" ko "ya ƙarin haƙuri". Umma ta riƙa amsa duka biyun.

Nauyin ya sauko ne bayan Sallah, da kekuna suka yi shiru. Kwana tara aiki ya zame wa Yaya maɓoya, yanzu ba inda zai ɓuya. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, in ya zo shago sai ya zauna a rumfa ya kasa matsawa kusa da teburin yanka, ga alkawarin sati biyun da ya yi wa mutane na ƙaratowa. Baffan nan da ya so a kulle shago tun farko shi ya lura. Ya sa aka rufe na kwana biyar, ya ɗauke shi suka tafi gaida dangi a ƙauye, tsohon yaron Baba ya riƙa yanka masa kafin ya dawo. Irin wannan yanayi a makonnin farko ba ciwo ba ne, kuma yawanci yana sassautawa da kansa in akwai mutane kusa. Abin lura shi ne in ya ƙi sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum harkokinsa cikin jerin larurorin da ke bukatar likita, kuma a Kano akwai masu duba irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Na Yaya bai kai can ba. Amma masu "ya haƙuri" suna ɗaukewa bayan arba'in, kuma lokacin ne ya kamata wani ya ci gaba da leƙowa.

Akwai masu koya wa yaran kanti cewa kwastoma sarki ne, ka bar damuwarka a gida ka zo da murmushi. A kwanakin nan Yaya bai yi wa kowa murmushi ba, idonsa jajur, gaisuwarsa gajera, kuma ba wanda ya yi ƙorafi a kan fuskarsa. Duk ƙorafin da aka yi a kan alkawari ne, na mutum ukun nan da ya ce wa za a ƙoƙarta alhali ya san lissafinsa.

Kafin Babbar Sallah, wadda ta kama 16 ga Yuni, an sake wasu abubuwa. Sabon littafin awo na da cikakken suna da lambar waya da ranar karɓa, yadda kowa a shagon zai iya karantawa. Kafin alƙalami ana ajiye shi daban, ba a taɓawa sai an yanka kayan mai shi. Yaya ya yanke adadin da zai karɓa, da ya cika ya rubuta a ƙofa an rufe, har wani abokin Baba sai da ya mayar. An biya Umma rancenta, an fitar mata da kashi ɗaya cikin takwas ɗinta, magada suka yarda shagon ya zauna na haɗin gwiwa Yaya na karɓar ladan aikinsa. Cikin mutum ukun da aka kunyata a jajiberi, biyu sun dawo da kayan Babbar Sallah. Alhaji ya koma wa wani tela a cikin gari, suna gaisawa da Yaya in sun haɗu a Kwari.